Fatar Birkin Likita

Shekara ashirin da biyu ina gyaran birki, ban san ni jahili ne ba sai da mijin ƙanwata ya je filin tseren mota sau ɗaya. Likitan haƙori ne, mutum mai tsafta da sanyin murya, wanda in yana tuƙi a cikin gari masu keke kan wuce shi suna waiwaye. Wani abokin aikinsa ne ya ja shi filin da ke bayan gari, inda ake barin kowa ya shiga da motarsa ran Asabar ya zaga iya son ransa. Ya zaga sau biyar. Ya dawo da hular kwano, da safar hannu, da ilimin da ni duk tsawon shekarun nan Allah bai nufe ni da shi ba.

Kada in zalunce shi, ƙorafinsa na farko yana kan hanya. Ya ce a zagaye na huɗu ya taka birki a kwana, mota ta yi kamar ba da ita ake ba, sai warin ƙona ya cika masa hanci. Na ce haka ne, fatar birkin da ke motarsa ta zirga-zirgar gari ce, in zafi ya yi mata yawa sakin faifan ƙarfen da ke jikin taya take yi. Na zaunar da shi a benci, bayan ya shimfiɗa hankicinsa, na jera masa fata iri uku a kan tebur. Ta farko irin tasa, tana kamawa tun da sanyin safiya, amma ba ta jure tsere. Ta biyu tsaka-tsaki, ta kai ka aiki duk mako, ta kuma ɗauki zagaye biyar ɗin da kake kira tsere ran Asabar. Ta uku ta ’yan tsere zalla, wadda ba ta kamawa sai ta ɗau zafi sosai. In da sanyi ka taka ta, kamar ka matse faifai da katako ne. Na ce masa masu amfani da ita a leda suke zuwa da ita, su sa a filin, su cire kafin su koma gida.

Likita ya saurare ni da irin haƙurin da yake sauraren mai ciwon haƙori yana bayanin abin da ke damunsa. Da na gama ya ce ai ya riga ya yi oda ta intanet, ta uku ya saya, kuma ya karanta sharhin mutum arba’in a kanta. Ni kuwa mutum ɗaya ne, hannuna ma duk baƙin mai. Batun sawa da cirewa ya ce ɓata lokaci ne. Na ce za ta riƙa ƙara in ya taka, irin ƙarar da ke tada unguwa. Sai na ga fuskarsa ta washe. Ashe ƙarar yake so, don maƙwabta su san akwai ɗan tsere a layin.

Sai na tuna masa da gangarar gidansu. A kan tudu suke, daga ƙofarsu titi ya miƙe ƙasa har mahaɗa, ga danja a gindin gangarar, a tsallake kuma katangar mai sayar da furanni. Duk wanda ya fito daga gidan da safe, takun birkinsa na farko a nan ne, da fata mai sanyi. Wannan ita ce maganar da ya kamata in faɗa a miƙe, fuska ba wasa. Amma ni bakina ba ya iya miƙewa, kowa a danginmu ya shaida. Cewa na yi ya fara gaisawa da mai furanni tun yanzu, tunda sun kusa zama ’yan gida ɗaya. Ya yi dariya, ya ce Yaya ba ka rabo da barkwanci.

A lungun garejin, duk wannan zancen da muke, ƙaramar motar Auta tana ajiye. Auta ƙanwata ce, matar Likita, ni na goya ta. Mako uku ke nan da ta kawo motar a canja mata fatar birki, aikin minti arba’in. Sai dai a garejina, kamar kowane gareji da na sani, motar ɗan’uwa ita ce ta ƙarshe a layi. Baƙo in ka ɓata masa rana zai kwashi motarsa ya kai wa mai garejin tsallake, wanda shekara goma muna gaisawa da haƙora. Ɗan’uwa kuwa ina za shi? Duk bayan kwana uku Auta kan bugo, in ce gobe, ta ce to Yaya. Ko sau ɗaya ban tambaye ta da me take fita ba.

Ran Juma’a Likita ya kawo motarsa da kwalin fatar, ja wur, da hoton tuta a jiki. A gefen kwalin an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba ta titi ba ce. Na nuna masa, ya ce ai kamfanoni haka suke rubutawa don kare kansu, ko a kwalin man goge baki akwai irin wannan. Na so in ce ba zan sa ba. Sai na tuna in na ƙi, tsallake zai kai, a ce surukin Mai Birki ya rasa mai gyara masa birki. Kuma, gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba sai yanzu, wani daɗi ya fara taso mini a ciki. Na lissafa abina tsaf. Likita ƙarfe tara yake fita, lokacin mahaɗar ba kowa, kuma tafiyar tsohuwa yake yi. Zai taka, mota ta zarce layi da taku goma, ya tsorata, ya zo nan da hularsa a hannu. Ni kuma na riga na tanadi abin da zan ce masa, har na gwada shi a baki sau biyu.

Na sa fatar. Tsohuwar tasa, wadda da sauranta, na zuba a leda, na ɗauki alƙalamin da muke rubuta lambar mota na rubuta “Litinin” a jiki, na ajiye a kan kantar gareji inda hannuna zai kai da sauri.

Motar a garejin ta kwana. Da safiyar Asabar na fita da ita don in zaunar da fatar, wato a yi gudu a taka, a sake gudu a taka, har ta saba da faifai. Takun farko a bakin ƙofa, da sanyi, sai da na miƙe a kan feda kafin ta tsaya, hancinta ya shiga titi. Da ƙafata na ji wannan, ba labari aka ba ni ba. Bayan taku goma ta yi zafi, ta koma wata aba daban, kana taɓawa tana cafkewa. A haka na miƙa masa makulli. Ya ja, ya taka a ƙofar gareji, saura kaɗan ya sumbaci gilashi. Ya leƙo ta taga yana murmushi.

“Ka gani, Yaya?”

“Na gani, Likita. Sai Litinin.”

Hanyar filin shimfiɗaɗɗiya ce, ya isa lafiya. Da yamma ya turo wa dangi hotuna goma sha bakwai, a ciki har da na takardar da ke nuna ya zo na tara cikin mutum goma sha ɗaya. Na goma tayarsa ce ta fashe, na sha ɗaya kuma tsoho ne da ya zo rakiyar ɗansa. Ya koma gida da birki da zafinsa, ya hau tudu, ya ajiye mota. Lahadi ba inda ya je, wuyansa ya riƙe saboda nauyin hula.

Litinin na buɗe gareji da wuri, na share benci, har shayi na sa a kawo kofi biyu, don ba a karɓar tuban babban mutum a tsaye. Ƙarfe bakwai da minti ashirin wayata ta yi ƙara, sunan Likita ya fito. Na yi mamakin sammakonsa, na gyara murya. Bai gaishe ni ba. Ya ce in zo mahaɗar gidansu, Auta ce, da yarinya.

Ban san yadda na isa ba. A hanya ne kaina ya yi lissafin da ya kamata ya yi tun mako uku. Makaranta ƙarfe bakwai da rabi ake rufe ƙofa. Motar Auta tana lunguna. To da motar wa take kai ’yarta kullum, ta dawo da ita kafin tara?

Motar ta haye dakali ta daki katangar mai furanni, tukwane sun farfashe, ƙasa da ganye ko’ina a kan bonet. Danja ta tsayar da Auta, ta taka birki, mota ta zarce. Wata babbar motar kaya tana ratsa mahaɗar, sai Auta ta karya sitiyari ta zaɓi katanga. Mai furanni ya ce da ta yi jinkirin ƙiftawar ido da wani zancen ake yi. Na sami Auta zaune a bakin titi, ta dafe ƙafarta ta dama da hannu biyu.

Yarinyar tana jikin ubanta. Shekararta takwas. Lokacin da haƙoranta na yarinta suka zube ni na laƙaba mata Giɓi, sunan ya bi ta, ko da sababbi suka fito manya farare tana yawo tana nuna wa kowa. Tana shan ruwa ne a gorarta ta ƙarfe lokacin da motar ta daki katanga. Likita ya ɗaga leɓenta da ɗan yatsa yana dubawa. Haƙorin gaba na sama ya karye rabi. Ya ce mini a hankali, kamar yana bayani a asibiti, zai cike shi, ba wanda zai gane, sai dai irin wannan ba ya sake tsirowa, duk bayan wasu shekaru sai an sake aikin har tsufanta.

Sannan ya juya wajen matarsa ya ce laifinsa ne shi kaɗai. Ya ce Yaya ya gaya masa, ya nuna masa rubutun kwali, har gangarar ya ambata, shi ne ya ɗauka wasa ne. Ya faɗi haka a gaban mai furanni da ’yan kallo, ba tare da ya nemi inda zai raɓe ba. Ga tuban da na share benci dominsa, an kawo mini har da ƙari. Na tsaya ina gyaɗa kai kamar mutumin kirki, kunya tana cin raina, amma na bar shi ya ɗauki laifin shi kaɗai.

Washegari da hantsi Auta ta zo gareji, Giɓi tana bayanta. Na tashi da rawar jiki, na ce yanzun nan zan sa hannu a motarta, ai dama ita ce a gaba yau. Ta nufi kantar gareji inda nake rataye makullai, ta miƙa hannu, sai ta tsaya. Ledar tana nan inda na ajiye ta. Ta ɗauka, ta juya, ta karanta. Ta san rubutuna, ni na koya mata riƙe fensir.

“Ta motarsa ce wannan?”

Na ce eh.

“Yaushe ka rubuta?”

Na ce Juma’a.

Ta daɗe tana kallon ledar. Muryarta ba ta tashi ba, da ma ta tashi da na fi samun sauƙi.

“Wato tun Juma’a ka san Litinin wani zai sauko gangarar nan birki ya ƙi. Ba ka dai san wane ne ba.”

Ta mayar da ledar daidai inda ta ɗauke ta, ta zare makullin motarta daga ƙusa, ta tsallaka titi.

Mai garejin tsallake da kansa ya zo, shi da abokan aikinsa biyu. Ya gaishe ni da ladabi, har da tambayar iyali, abin da bai taɓa yi ba, suka turo motar daga lungu suka haye da ita. Na zauna a bencin da na share ina kallonsu, suka ɗaga ta, suka kwance tayoyi. Akwai agogo a bangon garejina, ban so dubawa ba amma na duba. Minti talatin da biyar suka yi.

Auta ta ja motar, ta taka birki a bakin ƙofarsu sau biyu, ta tsaya cak. Ba ta dubi ɓangarena ba. Giɓi ce ta leƙo ta tagar baya, ita da kullum sai ta washe mini baki tun daga nesa. Ta ɗaga mini hannu ɗaya, ɗayan yana rufe da bakinta.