Wuyan Maɗugu

Ishaya ma'aikacin gwamnati ne a bakin iyakar Jibiya, aikinsa duba shanun da ake shigowa da su daga Maraɗi. Ba likita ba ne, amma kowa Likita yake ce masa, shi kuma bai taɓa wahalar da kansa ya gyara wa kowa ba. Ya daɗe a aikin har idonsa ya goge. Ya matsa tozon sa, ya shafa haƙarƙari, ya ɗaga leɓe ya leƙa, shi ke nan sai ya gaya maka irin ƙasar da dabbar ta yi kiwo.

Shekarar da aka kawo Shari'a, bayan rikicin Kaduna, zaman Jibiya ya fita ransa. Tsakani da Allah ba wanda ya taɓa shi. Amma shi mutumin kudancin Kaduna ne, labarin abin da ya sami waɗanda ya sani ya hana shi sakewa. Ga kuma 'yar kwalbarsa ta yammacin Asabar, wadda yanzu sai ya hau acaɓa ya tsallaka ɓangaren Nijar, ya shanye a tsaye kamar mai shan maganin zazzaɓi, ya dawo yana taunar goro. Ya yi ta damun ogansa da zancen canjin wurin aiki har ogan ya gaji, ya ce to ya ji, akwai gurbi a Legas da Abuja da Kano da Fatakwal. Ya zaɓi ɗaya kafin ƙarshen wata, in ya bari ya wuce kada ya ƙara tayar masa da maganar.

Matarsa Prisila tana da rumfar abinci a bakin garejin manyan motoci. Tuwon shinkafa take yi da miyar kuka, da farfesun kan sa wanda ƙamshinsa kan sa direba ya manta da lodi. Da ya kai mata labari, ko muciya ba ta ajiye ba.

"Baban Dabora," in ji ta, "samo mana garin da albashinka zai ciyar da mu, ya biya haya, ya rage na makarantar Dabora, ni kuma in ɗaure tukwanena in bi ka. In ba ka samo ba, ka tafi kai kaɗai. Ni ina nan."

Maganar ta tsaya masa a rai, don tun da suka yi aure ba su taɓa raba gari ba, kuma ya san matarsa, in ta faɗi abu ta faɗa ke nan.

Da farko tambayar mutane ya shiga yi. Kai, ɓata lokaci! Wani ɗan kwastan ya rantse masa babu kamar Legas, aljannar duniya ce, bai rufe baki ba kuma ya ce hayar shekara biyu ake biya a dunƙule kafin a ba ka makulli, kuma banɗaki ɗaya ne da mutanen gidan gaba ɗaya. Wani ya ce Abuja ga wuta ga titi sumul, da aka matsa masa sai ga shi bai taɓa kwana cikinta ba. Kowa garin da ya taɓa zama yake kambamawa don a san ya ga duniya. Sai Ishaya ya ce wa kansa ai shi ne wawa da ya tsaya sauraron baki. Yaushe ya taɓa tambayar sa ko ya ƙoshi? Dubawa yake yi. To mutanen nan ma da ke zirga-zirga garuruwan, jikinsu zai duba.

Ya fara da Zakari, direban da ke kai shanu Legas. Ya miƙa masa hannu suka gaisa, ya ƙi saki, ya zarce da hannun sama yana matsa damtse. Ba komai sai jijiya. Ido ja wur, kuma wani mai acaɓa na danna oda a bayansu Zakari ya zabura ya juya da zagi tun kafin ya ga ko wane ne. Ishaya ya soke Legas nan take. Garin da mutum zai yini cikin gosulo ya dawo yana faɗa da oda, ba da shi ba.

Kalilu mai hanyar Kano da ɗan dama-dama, akwai tsoka, don abinci a Kano ba ya gagarar talaka. Sai dai duk hannunsa tabon sauro ne, ga ƙuraje na zafi har bayan wuya, kuma ya ce ruwan wanka ma a wurin 'yan garuwa ake saye. Ban da haka ma, barin Jibiya a koma Kano ai ba a gudu ko'ina ba.

Wanda ya kusa ruɗa shi Maharazu ne, masinja a wata ma'aikata a Abuja, ya zo ganin gida. Shadda ta sha sitaci, turare na tashi, takalmi na ƙyalli. Ishaya ya rungume shi kamar tsohon amini alhali gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ya bi bayansa da tafin hannu. Haƙarƙari reras kamar kwando. Ashe a Mararaba yake kwana, can wajen Abuja, tun kafin asuba yake fita neman mota, albashin duk ya ƙare a kuɗin mota da mai guga.

Kafin mako ya zagayo magana ta bazu a gareji cewa Likita ya fara taɓa mutane. Wani ma ya ce har leɓensa ya so ɗagawa, wannan kam sharri ne, ko da yake Ishaya ya yi tunanin hakan. Direbobi suka koma gaishe shi daga nesa, hannu a ƙirji.

Sai ga Maɗugu ya dawo daga tafiya. Mutumin Maraɗi ne, babbar mota yake ja, shanu yake kaiwa Fatakwal. Tubarkalla! Wannan ba sai an taɓa ba. Wuya ninki bisa ninki, kumatu na sheƙi, in ya hau mota sai ta ɗan rusuna. Ishaya ya zagaya shi ta baya ya dubi ƙeya, ya gyaɗa kai. Garin mai, garin kuɗi, ga shaida nan tana tafiya da ƙafafunta.

Da yamma ya gaya wa Prisila ya samo gari, Fatakwal za su. Ta tambaye shi wa ya ba shi labarin garin. Ya ce ba labari ba ne, wuyan Maɗugu ya gani da idonsa. Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, kamar za ta yi dariya kamar kuma ba dariya ba, sannan ta ci gaba da kankare tukunya. Shi kuwa ya ɗauka ta yarda.

Washegari kafin ya je wurin oga ya biya gareji, don ya tambayi Maɗugu unguwar da ta fi sauƙin haya. Ya same shi yana shirya gaban mota. Ga buhun dambun nama, ga soyayyen nama cikin bokiti, ga gwangwanin yaji, ga kulolin abinci a jere bayan kujera. Ɗaya daga ciki shuɗiya ce mai ƙonannen hannu. Ishaya ya tsaya. Ya san kular nan, ta Prisila ce, shi da kansa ya ƙona hannun a kan risho.

Ya daure ya yi tambayarsa. Maɗugu ya yi dariya har wuyan na rawa.

"Haya? Likita, mi zan sani ga haya? Ƙarƙashin mota nika kwana, ruwan sama na bina har can. Garin da albasa guda ta yi kuɗin zabo, wa ka cin abincinsu? Guzurin Madam nika ci har ya ƙare, in ya ƙare in ɗaure ciki. Kahin in iso gida sai na ƙara jan mazagi. Nan nika maida jiki, rumhwar matarka."

Ishaya ya sake duban shuɗiyar kular. Maɗugu kuwa ya ci gaba da jera kaya yana surutu, ya ce ai asalin wuyan nan ma lokacin rikicin Kaduna ya samo shi. A makon rikicin su direbobi suka jawo motocinsu suka kewaye rumfar Madam, suka raba zama, wasu su tashi wasu su zauna, daga safe har faɗuwar rana, don kada wani mai zafin kai ya ga mace Kirista ita kaɗai shaiɗan ya raya masa wani abu. To ba a zama rumfar abinci hannu rabbana, sai an ci. Shi da ya fi kowa zama, shi ya fi kowa ci.

Ishaya ya tuna makon sarai. Ya tuna yadda ya yi ta mita a gida, wai direbobin nan ba su da aiki sai ci, sun tare hanya da motoci ko wucewa ba a iya yi. Kunya ta kama shi har ya kasa duban Maɗugu.

Bai je ofis ba, rumfa ya nufa. Prisila na tsugune tana kwasar tuwo. Ya tsaya daga bakin ƙofa, idon aikin nan nasa ya sauka a kanta, abin da bai taɓa yi ba duk yawon duban nan da ya sha. Ƙashin wuyanta ya fito. Zanen ya zagaye ta har da saura. Zoben aurensu an naɗa masa zare don kada ya zame. Ya matse damtsen ƙartin gareji kaf, ya rungumi masinja, amma matar da ke kwana ɗaki ɗaya da shi ta zube haka bai gani ba.

"Maman Dabora," in ji shi a hankali, "kin ƙosar da gari guda, ke me ya same ki? Tsoron garin ne?"

"Tsoro kam ina ji, wa ba ya ji?" Ta sa malmala a kwano ba ta ɗago ba. "Amma da tsoron nake cin abincina. Tun ranar da ka fara zancen tafiya ne ya daina wuce mini. Na ce ka tafi kai kaɗai, na zo ina tunanin in ka tafi ɗin fa?"

Ya shiga ciki, ya karɓi marar daga hannunta. Ya zaunar da ita a bencin direbobi, ya ɗauko babban kwanon da ake zuba wa Maɗugu, ya cika shi da tuwo, ya tsamo mata tsoka daga farfesu. Garin sauri har miya ta zuba masa a takalmi.

"Ba inda za mu," ya ce. "Ci."

Ta dubi kwanon, ta dube shi, ta share ido da bakin zane. Ta wanke hannu ta kai loma ɗaya, ta haɗiye, ta ƙara ta biyu. Sannan ta tura masa kwanon.

"Ƙara miya," in ji ta.