Tsumman Inna a Layi na Huɗu

A takardar ɗaukarsa aiki mai gyaran lantarki aka rubuta, amma a sito kowa Injiniya yake ce masa, shi kuwa bai taɓa cewa a daina ba. Mutum ne mai biro uku a aljihun gaba, kuma in ana magana yakan gyaɗa kai tun kafin a gama. Shi aka damƙa wa kula da keken ɗaukar kaya mai tuƙa kansa, wanda ma'aikata suka laƙaba wa suna Jaki.

A goshin Jaki akwai ɗan ido mai juyawa. Yana harba hasken leza, hasken ya bugi abu ya dawo, daga lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo sai Jaki ya san nisan abin. Da haka yake ratsa layukan kaya bai taɓa buge kowa ba.

Sai ga shi ya koyi tirjewa. A layi na huɗu, daidai ginshiƙin kwana, yakan ja birki ya tsaya ƙyam, hanya wayam a gabansa, ya yi ta ƙara. Motoci na jira a bakin ƙofa, Manaja na zagaye da waya a kunne, ido ja.

Injiniya ya zauna gaban kyamara ya duba hotunan mako guda. Abin da ya gani ya yi masa daɗi, don ya zo daidai da abin da yake so ya gani. Da safe Jaki na wucewa lafiya lau. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Inna mai shara takan zo gindin ginshiƙin da bokitinta, ta ɗan taɓa wani abu, ta wuce. Daga nan Jaki ya fara tsiya.

Ya same ta tana matse tsumma.

"Inna, me kike taɓawa a wurin nan?"

"Ɗan nan, ai abin nan naka ƙyallin can ne ke kashe masa ido. Ni kaina in na kalla sai na ga duhu."

Ta nuna ginshiƙin da haɓa. Injiniya ya kwashe da dariya, har ya juya ya ga ko direbobi sun ji. Sun ji, sun taya shi.

"To Inna, gobe sai ki zo da akwatin kayan aikinki, ni in karɓi tsintsiya."

Ta ɗauki bokitinta ta wuce. Ranar ya rubuta rahoto shafi biyu, da kalmomi manya, cewa mai shara na watsa ruwa kusa da na'ura, tana kuma taɓa abin da bai shafe ta ba. Washegari aka miƙa mata takardar sallama. Shekara tara tana share siton nan, amma minti goma ya ishe ta tattara kayanta.

Ranar da ta tafi Jaki ya ƙi wuce ginshiƙin tun ƙarfe bakwai na safe. Haka rana ta biyu. Sai da ƙarti huɗu suka riƙa tura shi.

A rana ta uku Injiniya ya haɗa kwamfuta da Jaki, ya buɗe hoton abin da idon ke gani, aikin da ya kamata ya fara da shi tun ranar farko. Katakan kaya sun fito siri-siri, kowanne a inda yake. Ginshiƙin kuwa ya kumbura, ya zama wani farin dunƙule da ya cinye rabin hanya. A ƙasan hoton ga gargaɗi a jere, sama da ɗari uku: hasken da ya dawo ya yi yawa.

Ya ɗaga kai ya dubi ginshiƙin. An naɗe shi da salatef mai ƙyalli, ja da fari, irin na bayan manyan motoci. Shi ya naɗa da hannunsa wata biyu da suka wuce, don direbobi su daina gogar kwanar. Har hotonsa aka manna a allon sanarwa saboda wannan dabara, yana murmushi, biro uku a aljihu.

Ba sai an yi masa bayani ba. Irin wannan salatef ɗin duk hasken da ya same shi mayar da shi yake yi kai tsaye inda ya fito. Idon Jaki an ƙera shi ne don ya tsinci ɗan ragowar haske daga kwali da katako, sai ga fitila an dalla masa daga taku biyu. Hasken ya cika shi ya malala gefe da gefe, abin ya yi masa kama da ya fi girmansa, ya kuma fi kusa. Shi kuwa an tsara shi in ya kasa tabbatar da hanya ya tsaya, kada ya yi cinke. Ya tsaya, ya kuma faɗi dalili sau ɗari uku. Saƙon gargaɗin da ke shigo masa waya ne ya dami Injiniya tun makon farko, ya kashe shi bai karanta ba.

A bayan ginshiƙin, kan wata ƙusa, ya ga tsumman Inna, ya bushe ƙayau. Ya ɗauka ya rataya a kan salatef ɗin, daidai tsayin idon. Ya danna maɓalli. Jaki ya taho ya wuce sumul, ko waiwaye babu.

Ashe abin da take yi ke nan. Da sassafe ta shanya jiƙaƙƙen tsummanta a nan, Jaki ya samu hanya. Ƙarfe sha ɗaya ta ɗauke don goge ofis.

Manaja ya iso da sauri. "Injiniya! Me ka yi masa?"

"Saiti na ɗan gyara, Yallaɓai."

Bakinsa ne ya faɗa, kafin ya yi shawara da shi. Manaja ya dafa kafaɗarsa ya ce ai ya san ba za a ji kunya ba. Wannan dafawar ta fi mari zafi. Ya wuni yana ɓare salatef, ya shafa baƙin fenti marar sheƙi, ya kunna tacewar da ke sa idon ya rage ƙarfin jinsa kusa da abu mai ƙyalli. Aiki ya yi kyau. Da ya ja bakinsa, shi ke nan, ba mai tono zancen har abada. Amma a gida ya ture abincinsa gefe, har matarsa ta tambaya ko zazzaɓi ne.

Da safe ya shiga ofishin Manaja da tsumman a leda, ya faɗi komai yana kallon ƙafar tebur. Manaja ya saurare shi har ƙarshe. Daga baya ya sa aka buga takardar mayar da ita aiki, ya tura masa.

"Kai ka rubuta ta farko. Kai za ka kai wannan."

Ya same ta da la'asar a gidan 'yarta, tana zaune kan tabarma tana ninke wanki. 'Yar na tsaye a bakin ƙofa, mijin 'yar na gyaran fanka a gefe. Injiniya ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa da sakin fuska, har ta sa a kawo masa ruwa.

"Inna, ni ne da laifi. Gaskiyarki ce. Ki yafe mini."

"Ya ga hanya yanzu?"

"Ya gani."

"To madalla. Tausayi yake ba ni in ya tsaya yana kuka."

Ya miƙa mata takardar da hannu biyu. Ta juya ta, ta dubi hatimin, ta mayar masa.

"Ni ba na karatu, ɗan nan. Waccan ma 'yata ce ta karanta mini, a nan inda kake. Surukina na zaune can. Ta zo wurin da aka ce mai ɓarna ce ni, ta yi shiru, na ce ta ƙarasa." Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Wannan kai za ka karanta. Da ƙarfi, yadda aka karanta waccan."

Surukin ya ajiye sukundireba. 'Yar ta naɗe hannu a ƙirji. Injiniya ya buɗe takardar. Ya fara, murya can ƙasa.

"Ban ji ba," in ji Inna.

Ya koma layin farko, ya ɗaga murya.