Zagayen da Na Yanke wa Nusaiba

Daren jiya na yi mafarki, har yanzu daɗinsa bai sake ni ba.

Na gan ni a kan Dutsen Kwatarkwashi da rana tsaka, zaune gaban keken ɗinki, wai ni ne mai tace bidiyo. Can sama Nusaiba ce, ƙanwar abokina, wadda a farke ban taɓa wuce "ina wuni" da ita ba, tana tuƙa wani farin jirgi marar inji daga Funtuwa zuwa Gusau. An ɗaure kyamara a fiffikensa, hoton yana saukowa kamar doguwar atamfa, yana taruwa a cinyata. A ƙasar mafarkin haka ake yi, ana tafiya ana tacewa.

Uwar ɗakina a aikin wata shamuwa ce mai tabarau.

"Mudassir, yarinyar nan ta cika zagaye," in ji ta. "Masu kallo gonaki suke so da kogi. Yanke."

Ba ta yi ƙarya ba. Duk inda Nusaiba ta samu iska mai ɗumi tana tasowa daga ƙasa, sai ta shiga kewayawa a cikinta kamar mai tuƙa tuwo. Na sa almakashi na yanke zagayen nan kaf, na watsa a kwando. Bidiyo ya miƙe sambal, har na tafa wa kaina.

Sai wata butar shayi da ke gefena ta yi magana da muryar Nusaiba.

"Yaya Mudassir, me ka taɓa?"

"Na ɗan gyara ki ne."

"Gyara? Ga ni ina leƙa kwanon mutane! Wata mata tana cin ɗanwake, ko yaji ba ta sa ba. Ba ni da inji, Yaya, da zagayen nan nake hawa. In ba ka mayar ba, a gonar dawa zan ƙare, Gusau kuwa sai labari."

Zuciyata ta faɗi har ƙasan dutsen, na bi ta a guje. Kwando babu komai, mutanen gari sun kwashe. Yara suna gara zagaye biyu a kan titi. Wata amarya ta sa ɗaya a hannu. Kowa na roƙa ya miƙo, ban da wata tsohuwa da ta yi gammo da mafi girman, ta ɗora tulu.

"Ɗan nan, tunda nake ban taɓa samun gammon da ke ɗaga kaya da kansa ba."

"Iya, wadda nake so ce za ta faɗo."

"Ta sani?"

"A'a."

"To amshi. Kai ne abin tausayi, ba ita ba."

Sai ga ni gaban keken ɗinkin ina taka shi da ƙafa biyu. Don sauri na ɗinka wani zagayen a kife, ruwan sama ya tashi daga rijiyoyi ya koma gajimare, manoma suka riƙe lema a ƙarƙashin haɓa. Amma jirgin ya ɗaga. Ya kewaya, ya sake kewayawa, fari fat, shiru kamar addu'a, har ya koma ɗan ɗigo. Ban taɓa ganin abin da ya kai shi kyau ba.

Shamuwa ta cire tabarau. "Bidiyon nan ya fi yini tsawo. Wa zai kalla?"

"Ni, Hajiya."

Da yamma Nusaiba ta sauka a Gusau a hankali, kamar an kwantar da jariri. Buta ta yi dariya.

"Na iso, Yaya. A zagayen ƙarshe na hango ka. Hularka a karkace take, amma ka bar ta haka."

Na buɗe baki zan faɗa mata abin da na faɗa wa tsohuwa, sai na ji ƙwar, ƙwar, ƙwar. Inna ce a tsakar gida, tana kankare ƙanzon tukunya.