Shafuka Huɗu na Uwar Zomo

Tun tana ƙarama yayarta ta laƙaba mata 'Yar Kafiya, sunan kuwa ya bi ta har kamfanin buga littattafan da take wa zane. Ranar da edita ya kira ta ofis, waya ya miƙa mata maimakon takarda.

"Buga wasan nan ki gani. Gari ya ɗauka, mu kuma littafin zane za mu mai da shi."

Wasan zomaye ne, 'yan ƙanana masu kumatu da dara-daran idanu, suna noman karas. Can sai injin yankan ciyawa ya ɓalle ya bi su. Duk wanda ya cim ma sai ya yi fata-fata da shi, kunne can, ƙafa can, jini ruwan hoda ya wanke fuskar waya. Kana danna maɓalli zomo zai dawo garau yana tsalle. 'Yar Kafiya ta yi dariya har da hawaye, ta ce ta karɓi aikin.

Wata biyu ta yi a duƙe kan teburinta na bakin taga, a ɗakin da suke haya ita da yayarta, ma'aikaciyar jinya. Wata rana yayar ta dawo aiki, ta leƙa zanen tana cire takalmi.

"Wannan jini ne ko alewa? Ke, jini in ya sha iska duhu yake yi. Kuma wa zai wanke? Mu dai a wurinmu, kowane jini da mai wankinsa."

Da wasa ta faɗa, ta wuce kicin abinta, amma maganar ta tsaya wa ƙanwar a rai.

A shafi na arba'in injin ya kama wani ɗan zomo mai yagaggen kunne. 'Yar Kafiya ba ta sassauta ba, ta zana abin yadda yake a wasan, sai dai jinin ta ƙara masa duhu. Daga nan ta ba uwarsa shafi huɗu cur, ba kalma ko ɗaya. Uwar ta tsinci 'yar rigarsa, ta jiƙa, ta cuɗa har ruwan ya sauya launi, ta shanya, ta zauna ƙarƙashin igiya. Ɗan zomo bai dawo ba.

Edita na kaiwa nan ya zare tabarau.

"Malama, wasa muka ba ki, ba zaman makoki ba. Ki cire waɗannan, ki dawo da shi a shafi na gaba yana tsalle."

"Yallaɓai, na zana sassansa a wuri shida. Da wane zare zan ɗinke shi?"

"Da wanda aka ɗinke shi a waya."

"Waya tana da maɓalli. Takarda ba ta da shi."

Da ya ga ba za ta tanƙwaru ba, sai ya gayyato mai wasan da kansa, wani siririn mutum mai sanyin murya. Ta zaci zai fahimce ta, domin ya daɗe yana kallon uwar zomon kafin ya ɗago.

"Hannunki na da kyau, 'yar'uwa. Amma ni na ƙirƙiro wurin da ba a mutuwa ne. Mutane sun gaji da wanda ake yi."

"To ka cire injin mana," in ji ta. "Ba a cin naman zomo a ce kuma yana daji yana kiwo. In ana son jinin, a so uwar."

Edita ya buga tebur, ya ce zomayen nasu ne, masu zane kuma ba su ƙare a gari ba.

"Zomayen naku ne," ta ce tana tattara takardunta. "Hannun nawa ne."

Ta sauko titi, ta kama hanya. A gida yayarta ta saki baki.

"Kin bar aiki saboda zomon takarda? Ni da bakina, da na sani na yi shiru!"

"Kin makara, Yaya. Miƙo min abin gogewa."

Ta bar musu gonarsu da injinsu da dogayen kunnuwansu. Ta ƙirƙiro nata labarin, na wata bushiya da 'ya'yanta a bakin babbar hanya, ta sa wa uwar wankin nan. Wata bakwai ta ɗauka, tana zanen allunan shaguna don ta ci abinci. Wani mai ƙaramar maɗaba'a a bayan tasha ya buga mata.

Littafin kamfani ya riga nata fita, da zanen wani, ya kuma samu kasuwa sosai. A bajekolin littattafai su aka ba tsakiyar zaure. Ita kuwa ɗan tebur ta samu kusa da ƙofa, yayarta na gefe tana yi wa kowa talla kamar mai sayar da magani.

Da rana edita ya biyo ta wurin. Ya ɗauki littafinta ɗaya, ya buɗe, ya rufe.

"Har yanzu kujerarki na nan, in kin sauko."

'Yar Kafiya ta leƙa bayansa, inda wata mata ke ta miƙo wuya.

"Yallaɓai, ɗan matsa. Ka tare wa baiwar Allah hanya."