Kwalaben Dallatu

Ina tsinkar gyaɗa a bayan danga na hangi Hure, matar maƙwabcina Dallatu, ta fito da akwatin ƙarfe a ka, ta nufi kududdufi kamar ana korar ta.

"Hure, ina zuwa da akwatin mijinki?"

"Malam Talle, ka bar ni in zubar da su tun bai cika ba. Ai ka ji abin da Liman ya ce."

Na ji mana, duk Zakirai an ji. Malam Kamilu, limamin garinmu, ya ce shi dai ba zai tsaya gaba ya sallaci mutumin da ɗakinsa ke warin barasa ba, a nemi wani. Kuma wa zai tsaya inda Liman ya ƙi?

Shekara ashirin Dallatu ya yi a Ikko yana yi wa wani Bature aiki. Aikin ma abin dariya: a tsaga kifin teku, a buɗe jan naman nan da yake numfashi da shi, a tsinto waɗansu tsutsotsi masu faɗi da suke maƙale a ciki, a rarraba su dangi-dangi. Da Baturen ya koma ƙasarsu, Dallatu ya dawo gida da tari da akwatin nan. Cikinsa 'yan kwalabe ne, kowace da tsutsarta a cikin wani ruwa mai hana ruɓewa. Ruwan ne ke warin. Mutanenmu kuwa hancinsu ya fi kunnensu aiki.

Na karɓe akwatin da ƙyar, na mayar ɗaki. Dallatu yana kan tabarma, ya rame ya zama kamar kara, sai juyi yake yi. Ya tashi, ya kwanta, ya sake tashi.

"Sun cika?" ya ce. "Duba min biyun nan masu jan zare a wuya."

Haushi ya kama ni. "Kai Dallatu, ana maganar jana'izarka, kana maganar tsutsa?"

"Suna ɗaya Bature ya ba su. Ba dangi ɗaya ba ne, Talle. Shekara goma ina faɗa masa."

Na kasa zama. Na fita, na dawo, na sake fita. Tsoro nake ji, gaskiya, kada a kai mutumin da muka yi kiwo tare tun muna yara rami ba sahu a bayansa. Na bi ta cikin dawa har gidan Liman, na same shi yana gyaran alƙalami.

"Allah gafarta Malam, hancinka ya yi shaida. Ka zo idonka ma ya yi."

Ya harare ni, amma ya ɗauki sandarsa.

Yana shiga ɗakin ya toshe hanci da bakin rawani. Na zaci Dallatu zai rantse, ya ce bai taɓa kai ruwan nan bakinsa ba. Ina! Ko gaisuwar kirki bai yi ba. Ya sa Hure ta ɗaga asabari haske ya shigo, ya juye tsutsa ɗaya daga masu jan zaren a faranti, ya miƙa wa Liman wani ɗan madubi mai ƙara girman abu.

"Malam, dubi wajen wutsiyarta. Ƙugiyoyin da take kama naman kifi da su, ƙirga min."

Liman ya sunkuya a kan dole. Ya ƙara matsawa, har gemunsa ya kusa shiga farantin.

"Subhanallahi. Wannan ɗan abin, har da ƙugiya? Takwas na gani."

Dallatu ya juye ta biyun. "Wannan fa?"

Liman ya ƙirga, ya goge madubin da hannun riga, ya sake ƙirgawa.

"Shida."

"Ka tabbata?"

"Shida ne, Malam Dallatu. Waɗannan ba 'yan gida ɗaya ba ne."

Dallatu ya mayar da kai kan matashi. Tun da ya kwanta ciwo ban ga jikinsa ya tsaya wuri ɗaya ba sai ranar.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Mun zama biyu da muka gani."

Liman bai tafi ba. Ya nemi a nuna masa wata, da wata, yana tambaya kamar ɗalibi, har aka kira la'asar. Kashegari da hantsi Dallatu ya cika. Malam Kamilu da kansa ya yi masa wanka, ya tsaya gaba, sahu bakwai a bayansa. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Hure ta ba ni kwalaben nan biyu masu jan zare. Ban san inda ake aika irinsu ba, ban ma san sunan garin Baturen ba. Suna nan a kan bangon zaurena, nesa da juna kaɗan. Kowace shekara ruwan yana ɗan raguwa.