Gadon Surayya

A kasuwar Mayahi na fara jin maganar, wai gurbin da aka ware wa ɗiyan makiyaya a makarantar kwana ta 'yan mata an ba ɗiyar wani ɗan kasuwa. Mai tumatir ta faɗa, mai sabulu ya ƙara da cewa har sunan yarinyar ya sani. Na daɗe ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, kafin gwiwoyi su zaunar da ni, kuma labarin da ya yi wa kowa daɗin faɗi ban cika yarda da shi ba.

Wadda ta ci gurbin a jarrabawa na san ta. Surayya ce, ɗiyar Hamsatu mai kawo mini nono daga rugarsu kusa da Attantané. Da Hamsatu ta zo, sai ta sauke ƙwarya ta zauna, ba ta ko buɗe faifai ba. Ta ce sun kai yarinyar makarantar da akwatinta, an ce su koma.

"Madam, sun ce mun makara. Mu da ko ruga ba mu gama kafawa ba muka taho."

Na tambaye ta yaushe suka je. Ta ce bayan sakin gonaki, kamar kullum. Damina suna arewa da shanu, ba su saukowa sai manoma sun kwashe hatsi hukuma ta ba da izini. Duk shekarun firamare haka Surayya ke komawa aji a makare, malaminsu na ƙauye ya saba, yakan zaunar da ita ta cim ma sauran. Umaru, ubanta, ya ji sakamakon jarrabawar tun suna arewa, har ya yanka akuya. Bai taɓa zaton akwai makarantar da ba ta san lokacin sakin gonaki ba.

Na hau kabu-kabu na tafi. Direktar makarantar tsohuwar ɗalibata ce, Nana. Ta rusuna ta gaishe ni, ta kawo ruwa, ta ƙi kallon idona. Ta ce doka ce daga sama, wadda ba ta zo ba a watan farko na buɗe makaranta an soke ta. Baɗi kuma shekarun Surayya sun wuce na shiga.

Na ce, "To wa kuka ba?"

"Mama, taso ki gani."

Ta kai ni ɗakin kwana. Gadaje jere, kowanne da zane da gidan sauro. Can ƙurya akwai ɗaya ba katifa, yara sun shanya ɗankwali a kan ƙarfensa. Nana ta ce gurbin na makiyaya ne, ba ta da ikon ba wata, ko da ta so. Bara ma haka ya zauna.

Ran kasuwa mai sabulu ya tare ni yana murmushi, wai ɗiyar wane ce, ko ba haka ba?

Ba wanda ya karɓi gurbin Surayya. Gadon yana nan ba kowa a kai, ita kuma tana ruga tana tatsa.