Gadon da Ya Cika Tsafta

Da aka turo Sista Ifunanya asibitinmu na Fagge ta koya mana ceton mai jego idan jini ya ɓalle mata, gaskiya haushi na ji. Ni Silifat, da na karɓi haihuwar rabin yaran layinmu a Sabon Gari, a ce in durƙusa gaban mutum-mutumin roba ina murza masa ciki? Ita kuwa ko a jikinta. Zoɓo take tuttulawa a kan zani, ta ɗaga ta ce mu faɗi yawansa. Kullum sai mun faɗi ƙasa da abin da ta zuba. Zani yana shan jini fiye da yadda ido yake gani, in ji ta, kuma in abu ya rikice kada wata ta tsaya jin nauyi, ihu za a yi.

Ranar wata Juma'a Mahbuba ta haihu, haihuwar fari, matar wani Sadisu mai shagon taliya a kasuwar Singa. Lafiya lau ta sauka, mabiyiya ta fita, jini daidai misali. Muka mayar da ita ɗakin masu jego, goggonta Hajo tana biye da jakar kaya. Tsohuwa ce mai tsafta har ta wuce kima, irin waɗanda ke share inda za su zauna kafin su zauna.

Na leƙa sau ɗaya, gado fes. Na sake leƙawa bayan an sauko masallaci, gado fes, dangin miji sun fara cika baranda da kwanukan abinci. Har na juya, sai wani abu ya tsaya mini a rai. Zanin da na bar ta a kai shuɗi ne. Wannan ruwan goro ne, ko lanƙwasar guga ba ta baje ba.

"Mahbuba, yaya jikin?"

"Da sauƙi," ta ce. Su dai kullum da sauƙi ne, ko da rai ne yake fita. Na kama hannunta, sanyi ƙalau, jijiya tana bugawa da sauri. Na ja fatar idonta, fari fat. Na ɗora hannu a mararta inda ya kamata in ji mahaifa ta dunƙule da tauri, sai na ji ta da laushi kamar koko a leda.

"Inna, ina shuɗin zanin?"

"Na canza mata, 'yar nan. Surukanta ne a waje. A shigo a tarar da yarinya cikin ƙazanta?"

"Guda nawa kika canza?"

Ta kawar da kai. Na janyo jakar daga ƙarƙashin gado, na ji ta da nauyi. Na zuge. Zannuwa ne a nannaɗe tsaf, ɗaya kan ɗaya, kowanne sharkaf.

Ban san lokacin da na ƙwalla ihu ba. "Jini! A zo! Jini!" Ni da ko gardamar kasuwa ba na ɗaga murya. Matan baranda suka ɗauki salati. Fanta, abokiyar aikina, ta shigo da gudu da akwatin gaggawa, wanda a da sai an nemi mai makulli, yanzu kuwa a buɗe yake zama. Ina murza mahaifa da dukkan ƙarfina, Fanta ta danna allurar da ke sa ta tsuke, ta nemi jijiya hannu biyu ta ɗaura ruwa. Zara, ɗaya abokiyar aikin tamu, ta kira likita. Yana can wajen shataletalen Bata, cunkoson masu fitowa daga masallaci ya riƙe shi.

Da na danna mararta, gudajin jini suka fito. Mahbuba ta fara lumshe ido.

"Kada ki yi barci! Me za ku sa wa yaron?"

Tsoro ya kama ni sosai, amma hannuna bai tsaya ba, shi ya san abin da zai yi. Na sa hannu ɗaya ciki, ɗaya a kan mara, na matse mahaifar a tsakani. A jikin roba abin ba wuya. A jikin mutum kafaɗata ta fara rawa nan da nan.

Goggo Hajo ta matso da wani sabon zani tana neman rufe mata cinya.

"Inna, ki fita da zanin nan!" na daka mata tsawa. "Ki je ki ce da mijinta jini muke so, shi da duk wanda ya zo da shi!"

Ta fita da zanin a hannu. Ashe har yaran shagon Sadisu sun bi layi a ɗakin gwaji. Likita ya ƙaraso a kan babur ɗin wani, hularsa a hannu, ya ce kada in saki. Ban saki ba. Can sai na ji abin yana taruwa a tafin hannuna, yana tauri a hankali. Zubar ta ragu, ta koma ɗigo. Aka ɗaura jini. Mahbuba ta buɗe ido ta ce ƙishirwa take ji, Fanta ta fashe da kuka.

Na fito wanke hannu, har lokacin a cike nake da haushi, na shirya maganganun da zan gaggaya wa tsohuwar nan. Na same ta zaune a ƙasa bakin famfo, jakar tana gabanta, ba ta wanke ko ɗaya ba.

"Ta tashi?"

"Ta tashi, Inna. Amma da kin ƙara ɓoye guda ɗaya…"

"Mu haka aka koya mana," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ba a barin jinin mace a fili." Ta shafa bakin jakar. "Ranar da aka haifi Mahbuba, ni ce a kan uwarta. Haka na yi ta canza mata, ina ɓoyewa, har ta yi shiru. Kowa ya yaba yadda aka same ta fes." Ta ɗago ta dube ni. "Sista, ki gaya mini gaskiya. Da na bari an gani, da tana nan?"

Famfo yana ta zuba a hannuna. Na san amsar, ita ma ta ga na sani.